Kwantenar Da Ba Ta Biyo Ta Tema Ba

Wata huɗu na yi ina rubuta manhajar nan da daddare, bayan na taso daga aiki na yi isha'i. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da shagon sari a Aboabo, nan Kumasi: shinkafa, sukari, man girki, taliya, tumatirin gwangwani. Rabin cinikinsa bashi ne. Mai kanti zai taso daga Techiman ko Tamale ko Bawku, a loda masa kaya a aboboya, babur ɗin dako mai ƙafa uku, a kai masa tasha, ya tura wani abu ta MoMo, wato kuɗin waya, sauran sai ya sayar. Duk wannan lissafi yana cikin wasu manyan littattafai masu baƙin bango da wani dattijo, akawun shagon, yake cikawa da biro ja da shuɗi tun ina goye. Abin da na rubuta littafin bashin nan ne, amma a kwamfuta: wa ya ɗauki me, yaushe, nawa ya biya, nawa ya rage, sannan ta fitar da rasit.

Da Python, wani yaren rubuta manhaja, na rubuta ta. PostgreSQL ke ajiye bayanan, Gunicorn ke tafiyar da ita, nginx kuma yana bakin ƙofa yana karɓar masu shigowa. Kwamfutata ta hannu Ubuntu 22.04 ce a kanta, wani nau'in tsarin Linux, ba Windows ba. Wata Asabar na kai ta shagon na nuna wa Kawu. Ya sa tabarau, ya ce in nemo masa wani mutumin Wa da ya daɗe bai leƙo ba. Kafin ya rufe baki sunan ya fito, da abin da ake binsa har kwabo.

Ya ce, "Madalla. To sa mana a tamu."

Tasu kuwa tsohuwar kwamfutar tebur ce 'yar gwanjo da aka sayo a Adum, Windows 10 a kanta, ram ɗinta gigabait 8. Na ce masa kafin la'asar na gama. Kwana biyu na yi a kan bencin nan. Python ɗin da wani ya taɓa sa mata ba irin nawa ba ne. Na sauke na sa sabo. Sai Gunicorn ya ce shi sam, domin an gina shi ne a kan abubuwan da dangin Unix, irin su Linux, kaɗai ke da su. Ban san haka ba sai ranar. Na nemo wani ya maye gurbinsa. Da ƙyar da jiɓin goshi shafin ya buɗe, muka zo fitar da rasit na farko, manhajar ta faɗi warwas. Dalili? Alamar sidi, ₵, da ƙ ɗin da ke cikin sunan mai sayen. A kwamfutata duk fayil ɗin da Python ya rubuta da UTF-8 yake rubuta shi, jadawalin haruffan da ya san ƙ da ɗ da ɓ, ya san ɛ da ɔ na sunayen abokan cinikinmu Asantawa. A tasu kuwa, in ba ka faɗa masa ba, wani tsohon jadawalin haruffan Turawan Yamma yake ɗauka, wanda bai taɓa jin labarin kuɗinmu ko harshenmu ba. Laifina ne, ban faɗa masa ba.

Da yammacin kwana na biyu Kawu ya tsaya a kaina ya ce, "Injiniya, yaya?"

Na ce, "Wallahi Kawu, a tawa yana aiki."

Ya ce, "To ka bar mana taka."

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Kwana tara kwamfutata ta yi a shagon, a kan buhun sukari, ni kuma ina aron ta wajen aiki.

A cikin kwanakin nan ne na kira wani abokina da muka yi karatu tare, yanzu yana aiki a Accra, na zayyana masa. Ya saurara har na gama, sai ya ce, "Kai har yanzu girki kake yi a gidan mutane da tukunyarsu? Ka ɗauki taka mana. Ka sa ta a kwantena." Na san sunan Docker, na sha gani, na ɗauka kayan manyan kamfanoni ne masu saba ɗari, wato kwamfutocin da ake ɗora manhaja a kansu wasu su riƙa amfani da ita. Ban taɓa kawo wa raina cewa shagon shinkafa zai buƙace shi ba.

Da na gaya wa Kawu zan dawo da manhajar a cikin kwantena, sai ya ce, "Ta Tema za ta biyo? Wa zai biya kwastan?" Wasa yake yi, amma ya harbi inda ya dace, domin daga kwantenonin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa irin ta Tema aka aro sunan. Kafin 1956, lokacin da wani Ba'amurke mai motocin dako, Malcom McLean, ya fara loda akwatunan ƙarfe a jirgin ruwa, buhu-buhu da ganga-ganga ake loda kaya. Yanzu kwantena ƙafa 20 ce ko ƙafa 40, jirgi da ƙugiyar tashar ruwa da tirela ba ruwansu da abin da ke ciki, shinkafa ce ko taya. Wannan Kawu ya fi ni saninsa. Na ce masa haka Docker yake: tun 2013 da wani kamfani mai suna dotCloud ya fitar da shi, ana ɗaure manhaja da duk tarkacenta wuri guda, a kai ta ko'ina. Ya ce, "In dai za ka ɗauke kwamfutarka daga kan sukarina, na yarda."

A kan Ubuntu abin ya tafi kamar an shafa masa mai. Fayil biyu ne jigon aikin. Na farko Dockerfile, inda kake rubuta yadda za a haɗa ƙullin: ɗauko Python 3.11, zuba waɗannan kayan haɗi, kwafo rubutuna, in an tashe ka ga abin da za ka fara yi. Ƙullin da ya fito shi ake kira imej. Kwantena kuma ita ce ƙullin idan an kwance shi yana aiki, kuma daga imej ɗaya kana iya tayar da kwantena goma. Na biyu fayil ɗin Compose, inda na jera ukun: manhaja, PostgreSQL, nginx, da yadda za su yi magana da juna. Na buga docker compose up, sai ga su sun tashi tare.

Abin da ya ci mini rai a matakin nan data ne. Hawa-hawa ake gina imej, kowane layi a Dockerfile hawa guda ne, kuma in ka taɓa hawan ƙasa, duk na samansa sai an sake su. Ni kuwa na fara kwafo rubutuna gaba ɗaya kafin layin da ke saukar da kayan haɗi daga intanet. Don haka ko waƙafi na gyara, sai a sake saukar da komai. Na sayi data sau biyu a mako guda kafin na gane in juya layukan: jerin kayan haɗi a ƙasa, rubutuna da nake canzawa kullum a sama. Na kuma gwada Alpine, wani nau'in Linux, saboda ƙanƙantarsa, tushensa bai kai megabait 10 ba, amma a kansa wasu kayan sai an harhaɗa su daga tushe. Na haƙura na koma siririn imej na Python da aka gina a kan Debian, wani Linux ɗin.

Saboda datan nan ban yarda in sake saukar da komai a shagon ba. Akwai docker save, mai zuba imej a fayil ɗaya, da docker load, mai ɗauko shi. Na zuba ukun a filas na sa a aljihu, na hau pragya, adaidaita sahunmu na nan.

Na sa Docker Desktop, wato Docker ɗin da ake sa wa Windows da Mac, a kwamfutar shagon, ya ƙi tashi. Ya ce a kunna masa wani abu a BIOS, wato ikon da injin kwamfuta ke da shi na riƙe wata kwamfutar a cikinsa. Intel na kiransa VT-x. Na kashe, na kunna, ina dannan F10 kamar mai buga ƙofar maƙwabci da tsakar dare. Da allon nan mai toka-toka ya fito, Malam akawu ya ajiye biro ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, ka dai san abin da kake yi ko?" Na ce eh. Rabin gaskiya ne.

A nan ne na fara fahimtar abin da nake riƙe da shi. Ni na ɗauka kwantena ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta, shi ya sa take tafiya ko'ina. Ba haka ba ne. Kwantena manhaja ce kawai kamar kowace, wadda kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ya yi wa shinge biyu. Shinge ɗaya ya rage mata abin da take gani: fayilolinta kaɗai, hanyar sadarwarta kaɗai, kamar ita ɗaya ce a gidan. Ɗayan ya iyakance abin da take ci, ram nawa, ƙarfin inji nawa. Wannan injiniyoyin Google ne suka fara shi a 2006, ya shiga Linux a 2008. Tunanin ma ya girme su, tun 1979 Unix ke da chroot. Abin lura shi ne, kwantena tana ɗauke da komai nata amma ban da kanel. Na mai gida take ara.

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa ƙasar Asante neman goro haka suke sauka a zango: da tukunyarsu, da tabarmarsu, da guzurinsu. Abin da suke nema wajen mai masauki ƙasa ce da ruwa. To kwantenata ƙasar Linux take nema. Windows ba ta da ita. Abin da aka yi shi ne, tun 2020 akwai WSL 2, wanda ke tayar da kanel ɗin Linux na gaske a cikin wata 'yar kwamfutar bogi mara nauyi, a nan Docker ke sauke baƙinsa. Wato ba Windows ce ke tafiyar da manhajata ba. An kawo Linux ne an ajiye a ɗakin baya. Akwai kwantenonin Windows na ainihi, amma wannan wata sabga ce daban, imej ɗina ba zai shiga cikinsu ba. Da na gane haka, duk matsalolin da suka biyo baya sai na riƙa ganin inda suke fitowa: daga bakin ƙofar da ke tsakanin ɗakin bayan nan da sauran gidan.

Ranar dai komai ya tashi. Rasit ya fito da ₵ ɗinsa da ƙ ɗinsa ba tare da na taɓa ko layi ɗaya ba. Na ɗauke kwamfutata daga kan sukari.

Bayan mako biyu Kawu ya ce a ƙara wurin rubuta lambar motar da ta ɗauki kaya. Ƙaramin gyara ne, na ce bari in yi shi a can. Na sauko da rubutun ta Git, manhajar da nake adana rubutuna da ita, a kan Windows, na gyara, na sake gina imej a nan take. Kwantenar manhaja ta tashi ta faɗi, ta tashi ta faɗi. Saƙon da take bayarwa shi ne wai babu fayil ɗin da ake fara tayar da ita da shi, wani ɗan gajeren rubutu mai suna entrypoint.sh. Na duba, ga shi nan. Na shiga cikin imej ɗin da kansa na duba, ga shi nan kwance. Na sake gini. Na goge komai na sake. Aka kira azahar, aka kira la'asar. Yaran shago suna ta shigowa da takardun kaya, Malam akawu yana karɓa yana rubutawa a littafinsa bai ce mini uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Sai bayan magariba, da na buɗe fayil ɗin da wani umarni mai nuna haruffan da ido ba ya gani, na ga a ƙarshen kowane layi akwai ^M. Tun zamanin keken rubutu, gama layi aiki biyu ne: mayar da kan keken farko, sannan a murza takarda sama. Windows ta riƙe duka biyun, alama ta 13 da ta 10. Linux ta 10 kaɗai take sawa. Git ɗin da na sa a Windows, bisa zaɓin da na danna masa ban karanta ba, yana ƙara wa kowane layi alama ta 13 in ya sauko da fayil. Layin farko na rubutun nan yana cewa a kira /bin/sh. Da ƙarin alamar, Linux ya tafi neman wani abu mai suna sh da jela a bayansa, bai samu ba, ya dawo ya ce babu. Ba fayil ɗina yake nufi ba, mai karanta fayil ɗin yake nufi. Wuni guda cur a kan harafi ɗaya da ba a gani. Maganin layi ɗaya ne a cikin .gitattributes da ke cewa duk fayil mai ƙarewa da .sh a bar masa ƙarshen layin Linux ko a ina aka sauke shi.

Sauran na Windows ƙanana ne. Na ajiye rubutun a faifan C, kwantena na leƙo shi daga ɗakin baya, sai komai ya yi nauyi. Da na mayar da shi cikin fayilolin Linux ɗin kansa ya saki jiki. WSL 2 kuma yana iya cin rabin ram ɗin kwamfuta in ba a tsawata masa ba, a injin gigabait 8 ana ji. Na rubuta masa iyaka a .wslconfig.

Sai Mac. 'Yar Kawu, taubashiyata, tana karanta ilimin akanta a jami'ar KNUST da ke nan Kumasi, ita ke rufe lissafin ƙarshen wata, kuma ta ɗan iya rubuta manhaja fiye da yadda take nunawa. Yayanta ya aiko mata MacBook mai injin M1 daga Jamus, tun ranar ba mu huta ba. Ta ce tana son kwafi a tata don ta gwada rahotanni ba tare da ta taɓa lissafin gaske ba. Na ba ta filas ina ƙasaita, na ce, "Umarni biyu ne, ko ke za ki iya."

Ta kira ni cikin minti goma. "Yaya, kwantenarka ta ce ƙofa a toshe take. Ko ita ma bashi ake binta?"

A fayil ɗin gwaji ƙofa ta 5000 na buɗe, wato lambar da ake bi a iso ga manhajar. Ashe tun macOS Monterey na 2021, wata manhajar Apple mai suna AirPlay ce ke zaune a wannan ƙofar. Muka koma 8080. Ta tashi, amma da gargaɗi, kuma tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Gargaɗin cewa yake imej ɗin na amd64 ne, injin kuma arm64. Nan ne gibi na biyu da ban lissafa ba. Kwantena ba kanel kaɗai take ara ba, har da injin. Tawa da ta shago Intel ne, yarensu ɗaya. M1 da Apple ya fitar a Nuwamba 2020 dangin ARM ne, irin na wayoyin hannu, yarensa daban. Docker Desktop ya sa tafinta a tsakani, shi ya sa ta yi aiki, shi ya sa kuma take jan ƙafa. Da ta gina imej ɗin a tata daga Dockerfile, sai ya tashi garau, domin manyan imej irin na Python da PostgreSQL suna da kwafi na kowane inji a ƙarƙashin suna ɗaya, kowace kwamfuta tana jawo nata.

Ramuwar gayya ta zo bayan mako guda. Ta gyara fasalin rasit, gyara mai kyau kuwa, ta gina imej ta miƙo mini a filas tana cewa, "Umarni biyu ne, ko kai za ka iya." Na loda a Ubuntu, ya ce exec format error, ya mutu. A tawa Docker tsurarsa ne, ba tafinta. Muka yi yarjejeniya: rubutu za ta riƙa turowa, in kuwa dole sai ta gina mini imej, ta ƙara --platform linux/amd64. Da na gina da kaina kuma sai tambarin shagon ya ɓace daga rasit. Ta sa wa hoton suna Tambari.png da babban baƙi, rubutun yana neman tambari.png da ƙarami. Faifan Mac, yadda yake zuwa, bai bambance su ba, haka ma Windows. Linux kuwa a wurinsa mutum biyu ne.

Duk waɗannan ɓata lokaci ne kawai. Wanda ya kusa kunyata ni a idon dangi shi ne na gaba, kuma ba Windows ba ce, ba Mac ba ce, hannuna ne.

Kwantena ba ta riƙe abu. In ka goge ta, duk abin da aka rubuta a cikinta ya tafi. Don haka bayanan PostgreSQL a wata taska ta daban ake ajiye su, bolum, wadda ke zama ko an goge kwantena. Na san wannan, na kuma yi shi daidai. A kwamfutata ta gwaji kuwa na saba in ina son farawa daga fari in buga docker compose down -v, wanda ke sauke kwantenoni ya haɗa da taskokin ya share. Wani dare bayan an rufe shago na tsaya sa sabon gyara, ga gajiya, ga yunwa, yatsuna suka buga abin da suka saba. Bai tambaye ni ko na tabbata ba. Daƙiƙa biyu. Na tayar da manhajar, ta buɗe fes, ba mai bashi ko ɗaya a duniya.

Kwafin ƙarshe da nake da shi na kwana goma sha ɗaya baya ne. Na zauna a kan buhun shinkafa na daɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ko gorar ban saya ba.

Da safe na riga kowa zuwa. Da Malam akawu ya iso na gaishe shi har ƙasa na faɗa masa. Bai ce komai ba. Ya buɗe durowa ya ɗauko littafin, ya buɗe daidai ranar, ya tura mini. Ashe duk watannin nan da muke cewa an koma kwamfuta, bai fasa rubuta ko buhu ɗaya ba. Dare biyu muka yi, shi yana karantowa da yatsa a kan layi, ni ina bugawa. A wuri uku ma ya gyara kuskuren da yaran shago suka yi tun farko a manhajar, wanda da ba mu taɓa ganowa ba. Da Kawu ya ji labari abin da ya ce kawai, "Da tsohuwar zuma ake magani," ya wuce sito. Tun ranar pg_dump ke kwashe bayanan kowane dare ya ajiye a wuri biyu, kuma duk ƙarshen wata ina ɗaukar kwafin in mayar da shi a tawa in ga ko da gaske yana buɗewa. Na kuma rubuta postgres:15 ƙarara a fayil ɗin maimakon latest, domin bayanan da 15 ya rubuta 16 ba ya buɗe su kai tsaye, kuma ba na son wata safiya in tarar an yi mini sabon baƙo.

Abin da ya raba ni da Windows a matsayin saba kuwa wuta ce. Kowa a ƙasar nan ya san dumso, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki. PostgreSQL yana da juriya, yana rubuta abin da zai yi a wani kundi kafin ya yi, in wuta ta ɗauke ya dawo ya bi kundin ya daidaita kansa. Na kuma sa wa kwantenonin restart: unless-stopped, don su tashi da kansu. Amma Docker Desktop manhajar mai amfani ce, sai wani ya shiga da kalmar sirri take tashi. Yaran sito da ke shigar da kaya ta wayoyinsu sai su tarar shafin ba ya buɗewa, har sai wani ya je ya zauna a gaban kwamfutar. A ganina Docker Desktop na mai gini da gwaji ne. Abin da mutane za su dogara da shi daga safe zuwa dare, a ba shi ƙasar Linux ta gaske.

Na koma Adum na sayo wata 'yar ƙaramar kwamfuta 'yar gwanjo, girmanta bai fi akushi ba. Na sa mata Ubuntu na saba, mara allon ado, da Docker tsurarsa mai tashi tare da injin. Na gaya wa BIOS in wuta ta dawo ta kunna kanta, na haɗa ta da ƙaramin UPS. A nan kwantena ta biya ni wahalata. Ƙaurar da a da ta ci kwana biyu ba ta yiwu ba, wannan karon tsakanin la'asar da magariba aka gama: kwafo fayil ɗin Compose, loda imej, mayar da bayanan daren jiya, tayar. Kwamfutar tebur ta koma buɗe burauza kawai da buga rasit. Taubashiyata na gwajinta a Mac, ni a Ubuntu, Dockerfile ɗaya.

Watan jiya wani aminin Kawu mai kawo albasa daga Nijar ya ga rasit ɗinmu ya ce yana so. Na tura wa ɗansa a Yamai fayilolin, na yi masa bayani ta waya, ya tayar a rana ɗaya. Kashegari ya kira.

"Malam, komai lafiya, amma agogon rasit yana baya da awa ɗaya. Mun sayar ƙarfe goma, ya rubuta tara."

Na yi shiru ina tunani, sai na fashe da dariya. Kwantena in ba a faɗa mata ba da agogon UTC, wato GMT, take aiki. Mu a Ghana agogonmu shi ne wannan, rani da damina, shi ya sa shekara guda ban taɓa lura ba. Nijar na gabanmu da awa ɗaya. Na ce ya buɗe fayil ɗin Compose, a ƙarƙashin manhaja ya ƙara TZ=Africa/Niamey, ya sauke ya tayar.

Na ce, "Ka karanto mini abin da za ka buga kafin ka danna."

Ya ce, "docker compose down."

"Daga nan fa? Akwai wani abu a bayansa?"

"Babu."

Na ce, "To danna."